Ɗan Wane Ne? Yadda Asali da Juyin Labari Ke Jan Ragamar Anime

A Sakkwato, duk wanda ya taɓa zuwa neman aure ya san cewa kafin magana ta yi nisa sai an tashi wani ya je bincike. Ɗan wane ne? Ina gidansu? Wa ya rene shi? Dattawanmu suna yin haka ne domin sun yarda halin mutum na yau yana da saiwa a jiya. Wannan tambaya ta asali ita ce ke riƙe da fina-finan zane na ƙasar Japan da ake kira anime, waɗanda matasa da dama a garin nan, daga Mabera zuwa ɗakunan kwanan ɗalibai na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, suke saukewa daga intanet ko su karɓa a waya wajen masu tura fina-finai. Iyaye suna ganin yaro ya ƙura wa waya ido su ce katun yake kallo. Shi kuwa yana can yana bin sawun wani sirri da aka binne masa tun shekaru.

Zan kwance ƙullin wasu labarai a nan, musamman Naruto da Attack on Titan. Wanda bai gama kallonsu ba, kuma ba ya son a riga shi, ya ajiye wannan rubutu sai ya gama.

Yawancin manyan anime daga littafin zane suke farawa, wanda Japanawa ke kira manga, ana fitar da shi babi-babi a mujalla, wani duk mako wani duk wata. Masashi Kishimoto ya fara Naruto a 1999, bai ajiye alƙalami ba sai 2014, bayan babi 700. Fim ɗin ya zo zubi biyu: Naruto mai kashi 220 daga 2002 zuwa 2007, sai Naruto Shippuden mai kashi 500 daga 2007 zuwa 2017. Labarin da zai yi wannan tsawo ba zai rayu da faɗa kaɗai ba, domin in yau an doke mugu gobe an kawo wanda ya fi shi, mai kallo zai gaji. Abin da marubuci ke yi shi ne ya ɓoye wani abu a farko, ya bar ka ka gina fahimtarka a kan rabin gaskiya, sai tafiya ta yi nisa ya ɗaga labule. Wannan shi nake kira juyin labari. Waiwayen da ake yi a nuna maka ƙuruciyar mutum da abin da ya same shi kuwa, shi ne asali. Su biyun kusan tare suke tafiya, domin juyin da ya fi girgiza mutane yakan fito ne daga asalin wani da muka zaci mun sani.

Ku duba Itachi. Tun farkon Naruto, yaron nan Sasuke ya faɗa cewa burinsa ɗaya ne, ya kashe wani mutum. Daga baya muka gane yayansa ne, Itachi, wanda a dare guda ya hallaka zuri'arsu ta Uchiha har da uwa da uba, ya bar ƙanen nasa shi kaɗai, ya ce masa ya rayu da ƙiyayya. Saboda wannan Sasuke ya bar garinsu Konoha, ya juya wa abokinsa Naruto baya, ya je ya miƙa kansa ga wani mai suna Orochimaru don neman ƙarfi. Masu karatun littafin sun yi shekaru suna tsanar Itachi. Ranar da 'yan'uwan suka haɗu, suka gwabza, Itachi ya faɗi matacce, kowa ya ɗauka an rufe wannan babi.

Sai wani mai rufe fuska da ake kira Tobi ya zaunar da Sasuke ya ba shi labarin da bai taɓa ji ba. Ashe zuri'ar Uchiha juyin mulki take shiryawa, wanda da ya auku da yaƙi ya cinye garin. Ɗaya daga cikin manyan gari, Danzo, shi ya sa Itachi a tsaka mai wuya, yana ɗan shekara 13: ko ya kashe danginsa da hannunsa a bar masa ƙanensa da rai, ko a shafe su baki ɗaya. Ya zaɓi ƙanensa, ya ɗauki sunan maci amana ya tafi da shi har kabari.

Abin lura a nan shi ne abin da wannan bayani ya yi wa sauran labarin. Sasuke ya wayi gari ya yi sanadin mutuwar wanda ya fi kowa ƙaunarsa, fushinsa kuma bai huce ba, sai ya sauya alƙibla ya koma kan Konoha. Daga nan ne harin da ya kai taron shugabannin garuruwa biyar ya fito, da kisan Danzo, da tambayar da ya riƙa yawo da ita har ƙarshe: mene ne gari, da har za a nemi yaro ya yanka iyayensa dominsa? Rabin ƙarshe na Shippuden a kan wannan tambaya yake tsaye. Kuma da mutum zai koma baya, zai ga sawu. Me ya sa Itachi ya leƙo Konoha jim kaɗan bayan rasuwar shugaban gari na uku? A lokacin mun ɗauka Naruto ya zo kamawa. Ashe ya zo ne ya nuna wa Danzo cewa yana nan da ransa, kada a kuskura a taɓa masa ƙane. A ganina da wannan ake gane juyi mai kyau: ka ji mamaki a kallon farko, a kallo na biyu kuma ka ga ashe an faɗa maka, kai ne ba ka lura ba.

Mu a nan ba baƙi ba ne ga wannan dabara. Ɗan dambe ba ya shiga fili haka kawai. Makaɗi ne ke fara tuna wa jama'a ko shi wane ne, garinsu, da waɗanda ya kayar, kamar yadda Ɗan Anace ya yi wa Shago. In an ji tarihin, naushin ma sai ya ƙara nauyi. Haka waiwaye yake aiki a anime. A Demon Slayer, wanda aka fara nunawa a 2019, sau da yawa sai an sare kan dodo sannan a nuna maka lokacin da yake mutum, da talauci ko rashin da ya kai shi ga halaka. Dabarar tana taɓa zuciya, ko da yake in ta yi yawa mutum yakan fara hango ta tun daga nesa, kuma da yake mai asalin ya riga ya mutu, ba ta cika sauya abin da zai biyo baya ba. Asalin Itachi ya fi ta aiki saboda ya bar wa mai rai nauyin da zai ɗauka.

Wanda ya kai wannan fasaha ƙololuwa shi ne Hajime Isayama, mai Attack on Titan, wanda ya zana daga 2009 zuwa 2021. A zangon farko na 2013 an nuna mana ragowar 'yan Adam sun fake a cikin ganuwa uku, a waje kuma ƙattai masu cin mutane suna yawo. Sakkwatawa da suka san Ƙofar Marke da Ƙofar Kware ba sa buƙatar a yi musu bayanin abin da ganuwa ke nufi ga gari. Yaro Eren ya ga ƙato ya cinye mahaifiyarsa, ya rantse sai ya ga bayansu duka. Mahaifinsa ya bar masa makullin wani ɗaki na ƙarƙashin ƙasa a gidansu, ya ce amsar tana can. Masu kallo sun jira shekara shida, sai a 2019, a ƙarshen zango na uku, aka buɗe ɗakin.

Littattafai uku aka samu a ciki da hoto guda, a duniyar da ba ta san na'urar ɗaukar hoto ba. Ashe 'yan Adam ba su ƙare ba. Mutanen ganuwa a tsibiri suke, mai suna Paradis, a ƙetaren teku kuma akwai daular Marley mai jiragen ruwa da bindigogi, wadda ta killace 'yan ƙabilarsu ta Eldia a unguwanni na musamman. Ƙattan da aka yi ta yaƙa 'yan'uwansu ne da aka yi wa allura aka mayar haka. Wadda ta cinye uwar Eren ma matar mahaifinsa ce ta farko.

Bayan wannan ba zai yiwu a ci gaba da labarin mutum da dodo ba. Shi ya sa zangon ƙarshe, da ya fara a Disambar 2020 a hannun kamfanin MAPPA bayan Wit Studio ya yi ukun farko, ya buɗe a ɓangaren abokan gaba, da wasu yara da ba mu sani ba, Gabi da Falco, waɗanda aka koya wa cewa mutanen tsibiri shaiɗanu ne. Muka ga Reiner, wanda muka tsana tun da ya bayyana kansa a matsayin maci amana a zango na biyu, muka ga ashe yaro ne aka tura yaƙi yana neman a daraja mahaifiyarsa. Muka ga Eren ya afka wa garinsu kamar yadda aka afka wa nasa, yara suna mutuwa a ƙarƙashin gine-gine. Gabi ta ɗauki bindiga da irin rantsuwar da Eren ya yi yana yaro, ta harbe Sasha, wadda masu kallo ke ƙauna. Labarin ya tashi daga na tsira ya koma na ramuwar gayya da gaba tsakanin al'umma biyu, jarumin ya zama abin tsoro. Ga wanda ke zaune a yankin da ya ga yadda ramuwa ke haifar da ramuwa a ƙauyukanmu, wannan zango yana da wuyar kallo, ni dai ya taɓa ni ƙwarai.

Ba kullum dabarar ke ci ba. A ƙarshen Naruto, bayan an daɗe ana gina Madara a matsayin babban abokin gaba, sai aka kawar da shi ta baya, aka fito da wata Kaguya wadda ba a daɗe da fara ambatonta ba. Masu kallo da yawa sun yi ƙorafi, ina kuma tare da su: ba ta da tarihi da kowa a cikin yaran, don haka faɗa da ita bai da zafin faɗa da Obito, wanda ya zama shi ne Tobi, abokin malaminsu Kakashi da aka zaci ya mutu. Akwai kuma matsalar da ba ta marubuci ba. In fim ya kusa cim ma littafi, kamfani yakan cike gurbi da labaran da ba sa cikin asali, abin da za mu kira ciko. Kusan duk abin da ya biyo bayan kashi na 135 a Naruto na farko ciko ne, kuma ciko ba ya iya taɓa sirrin kowa, shi ya sa yake zama lami. Fullmetal Alchemist na 2003 ya riga littafin Hiromu Arakawa, ya ƙirƙiro nasa sirrin da nasa ƙarshen, har sai da aka sake yin sa a 2009 bisa littafin. Mutane ɗaya ne, farko ɗaya, amma da sirrin ya bambanta sai aka samu labari biyu.

Masu bin fina-finanmu masu dogon zango za su gane wannan. Labarina na Aminu Saira, da ya fara a 2020, ya riƙe mutane da irin wannan jan rai, sai dai namu yana fama da abin da zane ba ya fama da shi: 'yan wasa mutane ne, suna iya barin aiki. Nafisa Abdullahi ta bar rawar Sumayya, Fati Washa ta karɓa, dole labari ya bi halin da ake ciki. Itachi kuwa ba ya zuwa ko'ina sai inda alƙalami ya kai shi. Abin da marubutanmu za su iya ɗauka daga Japanawa shi ne sanin sirrin tun kafin a ɗauki kashi na farko, da haƙurin riƙe shi. Eiichiro Oda, mai One Piece da ake bugawa tun 1997, ya nuna wani ƙaton kifin teku mai suna Laboon yana jiran wasu matuƙan jirgi da suka yi masa alkawarin dawowa shekara 50 da suka wuce, ya bar maganar, sai bayan shekaru ya kawo Brook, ƙwarangwal mai kiɗa, wanda ya zama shi kaɗai ya rage a cikin waɗancan matuƙa.

Iyaye kuma su sani, kasancewar abu zane bai sa ya zama na yara ba. Attack on Titan cike yake da jini da kisa, wasu anime kuma suna da shiga da al'adun da ba su dace da tarbiyyarmu ba. Zama da yaro a tambaye shi me yake kallo, wane ne wannan, me ya mayar da shi haka, ya fi ƙwace waya amfani, kuma za ku sha mamakin irin bayanin da zai zubo muku.

Wanda ya gama Attack on Titan, wanda aka rufe a Nuwambar 2023, ya koma kashi na farko. Eren yana kwance a gindin bishiya, wata yarinya Mikasa ta tashe shi daga barci, hawaye na zuba a idonsa, ta tambaye shi dalili ya kasa faɗa. A 2013 mun ɗauka mafarki ne irin na yara. Sai da aka yi shekara goma sannan muka san abin da ya gani.