Gaskiya ko Jita-jita: Koyon Kanikanci a Ƙasar Haɗejiya

Noman rani a ƙasar Haɗejiya a kan inji yake tafiya. Daga Auyo zuwa Guri da Kiri Kasamma, injin ban ruwa ne ke shayar da shinkafa da alkama da tattasai, tarakta ce ke yin huɗa, manyan motoci kuma su kwashe amfanin gona zuwa Kano. Tun da aka gina madatsar ruwa ta Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, malalar ruwan da fadama ta saba dogaro da ita ta sauya, manomi ya ƙara jingina da ƙarfe. Inji ya tsaya kwana uku a zafin watan Maris, shuka ta ji jiki. Don haka abin da ake koya wa yaro a gareji ya shafi tukunyar kowa, kuma maganganun da ke yawo a kan wannan sana'a sun cancanci a tantance su.

"Kanikanci na wanda boko ya ƙi ne."

Jita-jita ce, kuma ita ta fi kowace ɓarna. Tun 1996 dokar Amurka ta wajabta wa ƙananan motocin da ake sayarwa a can su zo da wata kafa da ake jona na'urar gwaji, Turai ta bi sahu daga 2001. Galibin motocin hannu da ake shigo mana da su daga waɗannan ƙasashe suke fitowa. Mota tana bayyana ciwonta da lambobi, wanda bai iya karatu ba kuwa sai dai ya yi ta canza kaya da kintace har aljihun mai mota ya bushe. Ko ɗaure kan inji yana da ma'auni da tsarin da kamfani ya rubuta: wane noti za a fara, da wane ƙarfi. Uban da ya cire ɗansa daga aji ya kai shi gareji don wai can ba a buƙatar biro, ya rage masa rabin sana'ar tun bai fara ba.

"A gareji kaɗai ake koyo, makaranta surutu ce."

A nan akwai ƙamshin gaskiya. Hannu ba ya faɗawa sai da riƙe sifana, kuma ogan da ya shekara ashirin yana sauraren ƙarar inji yana da kunnen da littafi ba ya bayarwa. Amma gareji yana koyar da yadda ake yi ne, ba kasafai yake bayyana dalili ba, kuma kuskuren oga yakan zama gadon yaransa. Ga kuma batun takarda. Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya tana yin gwajin sana'a mai mataki uku, hukumar NABTEB da aka kafa a 1992 tana shirya jarrabawar makarantun fasaha, hukumar NBTE da ke Kaduna kuma tana da tsarin tantance ƙwarewar wanda ya koyi aiki a wajen aji. Ƙwararren da ba shi da shaida yakan tsaya a bakin ƙofa idan kamfanin gine-gine ko babbar gona na ɗaukar ma'aikata.

"Wanda ya iya injin fetur ya iya na gas."

Ba haka ba ne. Injin fetur da tartsatsin fulogi yake kama wuta. Injin dizal, wanda muke kira na gas, matse iska yake yi har zafinta ya wuce digiri 500, sannan nozul ya fesa mai ya kama da kansa. A sababbin injuna ƙarfin wannan feshi yakan ninka iskar tayar mota sau ɗaruruwa. Tsohuwar dabarar sassauta bututun nozul a sa yatsa a ji ko mai na zuwa tana iya jawo man ya huda fata ya shiga tsoka, raunin da kan kai ga yanke yatsa. Ɗan ruwa ko ƙura a cikin man kuwa ya isa ya kashe injekta mai tsada. Shi ya sa darasin farko na injin gas tsabta ce: tace mai, canza filta a kan kari, zubar da ruwan da ya taru a ƙasanta.

"A ƙasa mai zafi cire tamostat ake yi."

Wannan an daɗe ana koya wa yara ita kamar karatun allo, alhali kuskure ce. Tamostat ƙofa ce da ke tsare ruwa har inji ya kai zafin aikinsa, wajen digiri 80 zuwa 90, sannan ta buɗe masa hanyar lagireto. Idan aka cire ta, inji yakan daɗe bai ɗumama ba, musamman da sanyin hunturu, sai ya ƙara shan mai, ringi da silinda su riƙa cinyewa. A wasu injuna ma cire ta kan bar wata gajeriyar hanya a buɗe, ruwan zafi ya riƙa kewayawa bai bi ta lagireto ba. Zafin inji a yankinmu yawanci daga wani wuri yake: lagireto da ƙura da ƙaiƙayi suka toshe, tsatsa da gishirin ruwan rijiya da ake ɗurawa, murfin da ya saki, ko fanka mai rauni. Bakaniken da aka koyar da kyau waɗannan yake fara dubawa.

"Injin da ambaliya ta ci, a shanya shi a tayar."

Duk wanda ya ga ambaliyar 2022 ya san yawan injunan da ruwa ya shanye a gonaki. Ruwa ba ya matsuwa kamar iska. Idan ya shiga silinda aka buga inji, sandar fistin ce za ta lanƙwashe ko ta karye. Sai an cire fulogi ko nozul an fitar da ruwan, an zubar da baƙin mai, an wanke tanki, an canza filta, kafin a taɓa makunni ko a ja igiya.

Akwai kuma masu cewa sola za ta kashe sana'ar. Tun bayan cire tallafin fetur a watan Mayu na 2023 manoma da dama sun koma famfon sola, wasu sun mayar da injinsu mai amfani da iskar gas. Amma tarakta da tirela da injin casa suna nan, kuma sababbin na'urorin su ma gyara suke buƙata. Aikin ƙaruwa ya yi, sai dai ya fi son mai ilimin lantarki.

Iyaye, idan za ku kai yaro gareji, ku bar shi ya ci gaba da makaranta, ku zaɓar masa ogan da ke aiki da ma'auni kuma yake amsa tambayar yaransa. Idan an yaye shi, ku taimaka masa ya zauna gwajin sana'a ya karɓi takardarsa.