Bugun farko a wasan golf

Bugun farko shi ne bugun da ɗan wasan golf, ko ƙwallon lambu, yake buɗe kowane rami da shi. A nan ne aka yarda ya ɗora ƙwallo a kan ɗan turke na katako ko roba kafin ya buga. A ramukan da aka ƙiyasta wa bugu 4 ko 5, yawanci ana yin sa da sanda mafi tsawo kuma mafi girman kai, wadda 'yan wasa ke kira direba. Abin da ake nema shi ne ƙwallon ta yi nisa, ta kuma sauka a tsakiyar fili inda aka aske ciyawa. Idan ta fita daga iyakar filin, ko aka neme ta minti 3 ba a gan ta ba, za a ƙara wa ɗan wasa bugu ɗaya na tara, ya koma inda ya fara, bugunsa na gaba ya zama na uku.

Tarihi

A zamanin farkon wasan a Sukotlan, 'yan wasa kan tara jiƙaƙƙen yashi su ɗora ƙwallo a kai. A 1899 wani likitan haƙori baƙar fata a birnin Boston na Amurka, George Franklin Grant, ya yi rajistar ɗan turke na katako, amma sai a shekarun 1920 amfani da turke ya yaɗu. Kan sandar ma da katako ake yin sa, har kamfanin TaylorMade ya fitar da na ƙarfe a 1979. Callaway ya biyo baya da Big Bertha a 1991, sannan aka koma ga ƙarfen titaniyam marar nauyi, wanda ya ba da damar faɗaɗa kan sandar. John Daly ne ya fara haura matsakaicin yadi 300 a kakar gasar PGA Tour a 1997. A 2023 Rory McIlroy ya kai matsakaicin yadi 326.3.

Dokoki

Hukumomi biyu ne ke tsara dokokin wasan: R&A da ke St Andrews, da USGA ta Amurka. Turke ba zai wuce inci 4 ba. Girman kan sanda ba zai wuce santimita kubik 460 ba, tsawonta kuma inci 48 ne iyaka, ko da yake tun 2022 masu shirya manyan gasa na iya rage shi zuwa 46. Nauyin ƙwallo ba zai wuce giram 45.93 ba. Dole a ɗora ta tsakanin alamomi biyu da aka kafa, ko a bayansu da tazarar da ba ta wuce tsawon sanda biyu ba. A Disamba 2023 hukumomin biyu sun sanar da sauya yadda ake gwada ƙwallo don rage nisan da take yi a hannun ƙwararru.

Abin da ke kawo nisa

Abu na farko shi ne saurin kan sanda a lokacin da ya taɓa ƙwallo. Alƙaluman TrackMan, wani kamfanin Denmak mai ƙera na'urar rada ta bibiyar ƙwallo, sun taɓa nuna cewa ƙwararrun maza na kaiwa kusan kilomita 182 a awa, ƙwararrun mata kuma kusan 151.

Na biyu shi ne inda ƙwallon ta taɓa fuskar sanda. Idan ta faɗa daidai tsakiya, takan tashi da saurin da ya kai kusan ninki ɗaya da rabi na saurin sandar: sanda mai gudun kilomita 160 za ta aika ƙwallo da gudun kusan 240. Idan aka kauce tsakiya ko da inci ɗaya, wani kaso na ƙarfin yakan tafi wajen murɗa kan sandar. Shi ya sa mai matsakaicin ƙarfi da ke samun tsakiya yakan fi ƙaƙƙarfan da ke kuskure ta nisa.

Na uku shi ne kusurwar tashi da juyawar ƙwallo. Ƙwallon na juyawa baya tana tafiya, wannan juyi tare da ƙananan ramukan jikinta ne ke riƙe ta a iska. Idan juyin ya yi yawa sai ta cilla sama ta faɗo kusa, idan ya yi kaɗan sai ta sauko da wuri. Mai ƙarancin sauri ya fi amfana da sanda mai fuskar da ta fi kallon sama, kamar digiri 12 maimakon 9.

Wuri da yanayi ma suna da tasiri. A kan tudu inda iska ba ta da kauri, kamar Johannesburg ko filin Rayfield na Jos, ƙwallo ta fi nisa fiye da bakin teku. Busasshiyar ƙasar rani kuma tana sa ta gangara bayan ta sauka.

Tsayuwa da lilon sanda

Bayanin nan na mai buga da dama ne, bahago sai ya juya shi. Ana buɗe ƙafafu fiye da faɗin kafaɗa kaɗan. Ƙwallon na kasancewa daura da dunduniyar hagu, a kan turke mai tsayin da rabinta zai ɗara saman kan sandar. Kafaɗar dama kan ɗan yi ƙasa da ta hagu. Duk wannan don sandar ta tarar da ƙwallon bayan ta wuce ƙasan lilonta ta fara hawa, abin da ke ɗaga kusurwar tashi ya rage juyi.

Wajen ɗaga sanda baya, kafaɗu ne ke juyawa har bayan ɗan wasa ya fuskanci inda ake nufi. Wajen saukowa kuwa, nauyi na komawa ƙafar hagu, ƙugu ya fara juyawa, ƙirji ya bi, sai hannuwa, kan sandar ya zo a ƙarshe. Kowace gaɓa tana miƙa saurinta ga ta gaba. Wanda ya fara da hannuwa ya ɓata wannan jeri, komai ƙarfin damtsensa. Matse sanda da ƙarfi ma yana sandarar da wuyan hannu ya rage gudu.

Daidaito

Inda fuskar sanda ke kallo a lokacin bugu shi ne ke yanke yawancin alƙiblar da ƙwallo za ta fara bi. Lanƙwasarta a iska kuma ta dogara ne da bambancin da ke tsakanin fuskar da hanyar da sandar ta biyo. Kuskuren da ya fi yawa wurin masu koyo shi ne sandar ta zo daga waje ta yanka zuwa hagu alhali fuskar na kallon damar wannan hanya, sai ƙwallon ta lanƙwashe dama, ta rasa nisa da alƙibla gaba ɗaya. Ƙara karkatar da jiki hagu yakan daɗa matsalar. Gyaran shi ne a ɗan juya hannuwa dama a kan mariƙi don fuskar ta rufu, a kuma sauko da sandar ta ciki.

Wurin taɓawa ma na lanƙwasa ƙwallo: bugun ƙarshen kan sanda na jan ta hagu, na gindinsa na tura ta dama. Don haka ake ƙera fuskar da ɗan tozo, ta rage wannan illa.

Atisaye

Masu horarwa kan shafa hoda a fuskar sanda don a ga tabon ƙwallo bayan kowane bugu. Idan tabon ya warwatse, ana rage sauri ko a riƙe sandar ƙasa kaɗan har ya taru wuri ɗaya, sannan a ƙara gudu sannu a hankali. Ana kuma shimfiɗa sanda a ƙasa don duba ko ƙafafu da kafaɗu na layi ɗaya da inda ake nufi. A fili, idan ruwa ko daji na dama, ana kafa turke a gefen dama a nufi hagu.

Muhimmanci

Mark Broadie, malami a Jami'ar Columbia, ya nuna a littafinsa na 2014, Every Shot Counts, cewa dogayen bugu sun fi bugun kusa da rami bayyana fifikon manyan 'yan wasa. Bryson DeChambeau ya bi wannan lissafi, ya ƙara nauyin jiki da sauri, ya lashe US Open ta 2020 a Winged Foot da tazarar bugu 6, duk da ƙwallonsa ta sha faɗawa cikin doguwar ciyawa. Faɗawa ciyawa asara ce ƙarama idan an yi nisa. Babbar asara ita ce ƙwallon da ta shiga ruwa ko ta fita fili, don haka a rami mai matsi ƙwararru kan ajiye direba su ɗauki gajeriyar sanda.