Ɗokin Jiran Sabon Fim: Daga Ina Yake Fitowa?

Duk wanda ya zauna a makarantar kwana ya san cewa da zarar hutu ya ƙarato, hira iri biyu ce ke cika ɗakunan kwana. Ta farko ita ce ta jarrabawa, ta biyu kuwa ta finafinan da za mu je mu tarar a gida. Wannan ya ce an kusa sakin sabon zangon shiri kaza, wancan ya ce ina, sai bayan Salla. To, abin da nake so in bayyana wa 'yan'uwana ɗalibai shi ne, wannan ɗoki ba haka kawai yake zuwa ba. Shuka shi ake yi kamar yadda manomi ke shuka gero, kuma masu shukar sun san abin da suke nema.

Da farko dai, jiran nan ba a kanmu aka fara shi ba. Kakanninmu da iyayenmu sun yi nasu. A da, mutanen Kano sukan tsaya a ƙofar gidajen silima irin su Plaza da Marhaba suna duban hotunan fim ɗin Indiya da za a nuna. Masu akwatin talabijin kuwa sukan yi mako guda cur suna jiran wasan Samanja na Usman Baba Pategi, ranar da za a nuna shi yaran unguwa su cika tsakar gida maƙil.

A shekarar 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da Turmin Danya, wanda ake ɗauka shi ne fim ɗin Hausa na farko a kaset ɗin bidiyo. Daga nan sana'a ta buɗe, dabarun jan hankali kuma suka ƙaru. Kafin fim ya fara a kaset, sai an nuna tallar waɗanda ke nan tafe. Akan saki waƙoƙin fim a kaset ɗin rediyo, su bi gari kafin a ga hotonsa. Sa'an nan a raba labari kashi biyu ko uku, a yanke na farko daidai inda rai ya fi so. A 1999 mujallar Fim ta fara fitowa, tana ba da labarin abin da ake shiryawa, 'yan kasuwar Ƙofar Wambai kuma suna jiran ranar da kaya za su iso.

Da wayar hannu ta yawaita, masu tura finafinai a waya suka karya kasuwar kaset da faifai, domin fim ɗin da aka kashe wa kuɗi mai yawa sai a same shi da 'yan canji. Wannan ne ya sa masu sana'ar suka karkata ga shiri mai dogon zango. Tashar Arewa24 da aka buɗe a 2014 ta kawo Daɗin Kowa, sa'an nan Kwana Casa'in a 2019. A 2020 Labarina na Aminu Saira ya fara, haka kuma Izzar So na Lawan Ahmad a YouTube. Irin waɗannan shirye-shirye kashi ɗaya ake sakewa kowane mako, sau da yawa kuma zango ɗaya kashi 13 ne, watau wata uku, kusan tsawon zangon karatunmu ke nan. Shi ya sa ɗan makarantar kwana kan koma gida ya tarar an gama zango guda ba ya nan.

To, me ke sa a daɗe tsakanin zango da zango? Aikin ne ke da yawa. Sai marubuci ya rubuta labari, furodusa ya nemo kuɗi, darakta ya tara 'yan wasa, a tafi wurin ɗauka a yi makonni. Bayan haka a zauna a gaban kwamfuta a yanka hoto, a daidaita sauti, a sa kiɗa. A Kano kuma akwai Hukumar Tace Finafinai da aka kafa a 2001, wadda doka ta ba ta ikon duba fim kafin a nuna wa jama'a. Wani lokaci ma ɗan wasa ne ke barin aiki. A Labarina, Nafisa Abdullahi ce ta fara fitowa a matsayin Sumayya, da ta bar shirin aka sa Fati Washa. Ashe ke nan abin da kake jira yana iya sauya kama kafin ya iso gare ka.

Amma fa ba duk jinkiri ne na dole ba. Wani da gangan ake yin sa. Kuɗin mai shiri yanzu daga talla yake fitowa, masu talla kuwa inda jama'a suka taru suke bi. Saboda haka tun fim bai fito ba za a saki hotunansa, a biyo da ɗan guntu na minti ɗaya ko biyu wanda aka tsinto wuraren kuka da faɗa aka harhaɗa, 'yan wasa kuma su yi ta ambaton ranar fitowa. Kowane kashi kuma a rufe shi da tambaya. Idan muka kwana muna gardama a kai, mun zama 'yan tallar da ba a biya ba.

Ni ban ga laifin mai sana'a don ya tallata hajarsa ba. Inda nake jin tsoro shi ne wajenmu mu ɗalibai. Akwai waɗanda ɗoki kan kai su ga shigo da waya a ɓoye, alhali dokar makaranta ta hana, a kama su a kore su ana dab da jarrabawa. Akwai kuma masu cinye lokacin nazarin dare da cacar bakin wa zai auri wa. Fim ɗin da ke YouTube yana nan ajiye, ko bayan shekara ka same shi. Takardar jarrabawar da ta wuce ka kuwa sai ka maimaita shekara.

Shawarata ita ce mu riƙa jira da hankalinmu a jikinmu. Kada mu yanke wa fim hukunci daga tallarsa, domin Hausawa sun ce gani ya kori ji. In mun kalla, mu tambayi kanmu: labarin ya tsaya da ƙafarsa, ko ja kawai ake yi don a cika mako? Hausar da ke ciki ta nuna? Me muka ƙaru da shi? Masu kallo irin waɗannan su ne za su sa a riƙa yin aiki mai kyau, kuma wataƙila daga cikinmu ne marubutan gobe za su fito. Allah ya kai mu hutu lafiya.