Gashin ido mai sukar ido: aikin da ke gyara shi

A garuruwan Agye, Gazawa da Gidan Rumji ba a rasa tsohuwa mai ɗauke da matsefata ɗaure a bakin zane. Ba don ƙaya ba ne. Gashin idonta ne ya juya ciki yana sukar ƙwayar ido. Ta cire yau, bayan ƴan kwanaki ya sake fitowa, gajere, ya fi na da kaifi.

Asalin abin amodari ne. Ƙwayar cuta ce mai shiga idon yara. Ƙuda na ɗaukar ta daga ido zuwa ido, haka ma hannu da zane. In ciwon ya yi ta dawowa shekara da shekaru, sai cikin fatar ido ya yi tabo. Tabon ya ja fatar, ta lanƙwashe ciki. Mata sun fi maza samun wannan, don su ne kullum tare da yara.

Magani na ɗigawa ba ya miƙe fatar da ta lanƙwashe. Sai aiki. Amma aikin ƙarami ne. Ba a sa mutum barci, allura ce a ke yi a fatar ido ta kashe zafi. Malamin asibiti da aka koya wa aikin ya tsaga fatar, ya juyo bakinta waje, ya ɗinke. Wajen minti 20 ya isa ido guda. Mutum ya koma gida ran nan. Washegari a kwance bandeji, bayan kamar mako guda a cire zare. Tun ƙarshen shekarun 1990 Cibiyar Carter ta Amurka ta shiga taimakon Nijar wajen yaƙi da amodari, kuma jihar Maraɗi na cikin wuraren da aka yi aikin.

Hanyar yin aikin iri biyu ce. Ta ɗaya, a tsaga fatar daga waje har ciki. Ta biyu, a kifa fatar a tsaga ta ciki kaɗai. Irin ta biyu ana ce mata Trabut, ita aka saba koyarwa a Nijar da Mali. Likitoci sun daɗe suna gardama a kan wadda ta fi. A 2014 aka gwada a ƙasar Habasha, cikin jihar Amhara. Aka ɗauki mutum 1000, aka raba su biyu da ƙuri'a, don kada wani ya zaɓi masu sauƙin ciwo ya ba hanyar da ya ke so. Kamar manomi ne ya raba gona guda biyu, ya shuka iri biyu, ya jira kaka. Sakamakon ya fito a 2016. Bayan shekara guda, cikin kowane 100 da aka tsaga wa daga waje, gashin ya sake juyawa ga 22. Waɗanda aka tsaga wa ta ciki, 13 ne.

To, 13 ɗin nan ma mutane ne. Shi ya sa a ke son wanda aka yi wa aiki ya koma a duba shi, ko da yana jin lafiya. In gashin ya dawo, ana iya sake gyarawa.

Abin da aikin ba ya iyawa shi ne goge farin tabon da gashi ya riga ya yi a kan ƙwayar ido. Wadda ta ce sai bayan girbi, sai bayan an sayar da gyaɗa, gashin na nan yana kartar idonta duk lokacin da ta ƙifta.