Aikatau a Saudiyya: Wace Takarda Za Ta Shiga Da Ita?

  

Yau zancenmu zai ƙetare teku. Na san wata za ta ce, ni da ko zaure ba na leƙawa sai da dalili, ina ruwana da neman aiki a ƙasar waje? To uwargida, ai a ɗakinki ake ƙulla irin wannan tafiya. Mai neman 'yan aiki ba ta zuwa majalisar maza. Sallama take yi ta shigo har tsakar gida, tana ƙamshin turare, ga zoben gwal ga haƙorin Makka, ta zauna a tabarmarki ta ce akwai hanya. Wadda za a tura kuwa 'yarki ce da aurenta ya mutu, ko ƙanwarki da miji ya rasu ya bar mata marayu. Kuɗin tafiyar ma sau da yawa daga adashinki zai fito, ko a sayar da ɗankunnenki. Tunda haka ne, ya kamata ki san abin da ake saye da kuɗin nan.

Zuwan Hausawa ƙasa mai tsarki ba yau aka fara ba. Kakanninmu a ƙafa suke tafiya, su ratsa Barno da Chadi da Sudan, su tsaya su yi noma ko ƙwadago su tara guzuri, sannan su shiga jirgin ruwa a Sawakin su haye zuwa Jidda. Wasu sai sun shekara da shekaru a hanya. Da yawa sun zauna can, jikokinsu yau 'yan ƙasa ne, shi ya sa za ki ji sunan dangi irin su Hausawi da Barnawi da Fallata. Kyaftin ɗin ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Saudiyya a gasar cin kofin duniya ta 2018 ma Usama Hausawi ne sunansa. Kalmar takari da muke faɗa ta samo asali ne daga Takrur, sunan da Larabawa suke kiran mutanen Afirka ta Yamma da shi tun da can. Amma fa waɗancan sun shiga lokacin da ba a san na'urar ɗaukar zanen yatsu ba. Wannan ƙofa ta daɗe da rufewa, duk wadda ta ce miki 'yarki za ta je ta saje da su, labarin da take ba ki na zamanin kakanni ne.

Yanzu komai a kan biza yake. Bizar Umra da ta ziyara na baƙunta ne, suna da wa'adi, kuma ba su halatta wa mutum yin aiki ba. Bizar aiki daban take, ita ce ake ba mutum katin zama a kanta, wato igama. Yawancin 'yan'uwanmu da suka shiga wahala, da bizar Umra aka kai su, aka ce idan an gama ɗawafi sai a sulale cikin gari. Ranar da wa'adin ya cika, daga ranar ta zama mai laifi a idon hukuma. Hukuncin wanda ya zarce wa'adin bizarsa yana kaiwa tarar riyal 50,000 da ɗaurin wata 6, sannan a maido shi gida, a kuma hana shi komawa na tsawon shekaru. Kin ga ke nan har aikin Hajjin da ake buri an sa shi cikin haɗari.

Bari in gaya miki yadda zaman marar igama yake, don a nan ne mai kawo labari take yin tsalle ta wuce. Marar igama ba ta buɗe asusun banki, ba ta sayen layin waya da sunanta, ba ta kama hayar ɗaki da sunanta. In ciwo ya kama ta, tsoron asibiti take ji, sai dai a sayo mata magani a sha a ɗaki. In ta yi aure can ta haihu, yaron ba shi da takardar haihuwa, ba shi da makarantar gwamnati, ya tashi shi ba ɗan can ba, nan ɗin kuma bai san ko hanyar gidan kakansa ba. In ta yi aikin wata uku uwar ɗakinta ta hana ta kuɗi, wa za ta kai wa ƙara? Ita da take gudun ɗan sanda? A ƙarshen 2013 an yi gagarumin kame bayan wa'adin afuwa ya ƙare, a 2017 aka sake ba da wani wa'adin aka kuma shiga kame. Waɗanda aka kama a yankin Makka da Jidda, Shumaisi ake kai su, wurin da ake tsare mutane kafin a sa su a jirgi. Sannan daga ƙarshen 2021 hukuma ta rushe tsofaffin unguwannin Jidda masu yawa, irin su Gulail da Karantina da Sabil, inda baƙi 'yan Afirka suka daɗe suna fakewa. Maɓoyar ma ta ragu.

To wadda ta shiga da bizar aiki fa, ta huta ke nan? Ta fi waccan nesa ba kusa ba, amma akwai abin da ya kamata a sani. A tsarinsu, 'yar aikin gida tana ƙarƙashin wanda ya ɗauko ta ne, shi ake kira kafili. Igamarta da sunansa take ɗaure. Ba ta sauya gida yadda ta ga dama, fita ƙasar ma sai an yi mata takardar fita ta hannunsa. In ta gudu daga gidan, zai kai rahoto, a rubuta ta a matsayin wadda ta tsere, abin da suke kira hurub, daga nan ta koma sahun marasa takarda. A 2021 Saudiyya ta sassauta wa ma'aikatan kamfanoni wannan tsari, amma sassaucin bai haɗa da masu aikin gida da direbobin gida ba.

Duk da haka tana da haƙƙi a rubuce, kuma ina so ki riƙe su da kyau. Dokar masu aikin gida da ta fara aiki a 2024 ta ce ba a ɗaukar wadda ba ta kai shekara 21 ba. Don haka in aka ce a ƙara wa yarinya shekaru a fasfo, ki san an fara da ƙarya. Aiki kada ya wuce awa 10 a yini, tana da hutun yini ɗaya a mako da albashinta, tana da hutun jinya har kwana 30 in likita ya rubuta, in ta cika shekara 2 za a sabunta kuma tana da hutun wata guda. Kuɗin ɗauko ta da na igama a kan kafili suke, ba a cire su daga albashinta. Riƙe mata fasfo ma ya saɓa wa dokarsu, ko da yake gidaje da yawa suna yi. In aka hana ta albashi wata 3 a jere, tana iya neman a mai da ta wani gida ba da yardarsa ba. Ma'aikatar ƙwadagonsu tana da lambar kai ƙara, 19911. Sai dai ni a ganina, haƙƙin da ke kan takarda ba ya isa kicin da kansa. Yarinyar da aka karɓe wa waya, ba ta jin yaren, ba ta san sunan unguwar da take ba, ta yaya za ta nemi haƙƙin nan?

Wannan ya kawo mu ga zaman gidan kansa. Wata za ta ce ai mun saba da kulle, zaman gida ba zai dame ta ba. 'Yar'uwa, kullenmu da mutane a ciki. Ga abokiyar zama, ga maƙwabciya ta kan katanga, ga yara masu shigowa sayen ƙuli-ƙuli, in an yi suna ko biki da dare a fita. Can kuwa ita kaɗai ce baƙuwa a gida mai hawa biyu ko uku, ba mai ce mata ina kwana da Hausa. Larabcin Islamiyya yana taimakawa, amma na cikin gida daban yake, sai an yi watanni kafin kunne ya buɗe. Da azumi aiki yakan koma dare, daga girkin buɗa baki har wanke-wanken sahur. Akwai kuma kayan aikin da ba ta saba da su ba. Misali ɗaya da ya kamata kowace mai tafiya ta sani: ruwan wanke banɗaki iri biyu da suke yawan amfani da su, Clorox da Flash, ba a haɗa su wuri guda, hayaƙinsu yana shaƙe mutum har ya kai shi asibiti.

Sai batun kaya, kuma wannan ya shafi har mai zuwa Umra ta dawo. Hukuncin shigar da miyagun ƙwayoyi Saudiyya kisa ne, kuma a watan Afrilu na 2019 an zartar da shi a kan wata 'yar Nijeriya. A ƙarshen 2018 an kama wata ɗaliba da ta tashi daga Kano tare da mahaifiyarta, saboda wata jaka mai ƙwayar Tramadol da aka liƙa wa sunanta ba da saninta ba. Sai da ta yi wata 4 a tsare kafin bincike ya wanke ta. Saboda haka saƙon "don Allah kai wa 'yar'uwata wannan yajin" a bar shi, ko daga wa ya fito. Ta ɗaure kayanta da hannunta, ta ƙirga jakunkunanta, ta adana 'yar takardar da ake ba ta a wurin awo.

Idan Hajiyar nan ta dawo jin amsa, ki ba ta ruwa ki girmama ta, sannan ki tambaye ta: bizar aiki ce ko ta Umra? Wane kamfani ne, kuma yana da lasisin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya? Ina takardar yarjejeniya mai sunan kafili da garin da za a kai ta da yawan albashi? A Saudiyya ana ɗaukar masu aikin gida ta wani tsarin gwamnati da ake kira Musaned, yarjejeniyar gaskiya tana da rajista a can. In ta ce ai sai an isa za a ga takarda, ko ta ce yarinya za ta yi shekara tana biyan bashin tafiya kafin ta fara riƙe kuɗinta, to ki tsaya nan. Kada ki yanke shawara ke kaɗai don an ce a rufa asiri. Ki sa maigida ko wanki ko ɗanki ya kai takardun ofishin NAPTIP, hukumar da aka kafa a 2003 don yaƙi da fataucin mutane. Suna da ofis a Kano da Sakkwato da Maiduguri. Maganar tafiyar mace ba muharrami kuwa, a tambayi malamai tun kafin a biya ko sisi.

In an bincika komai ya tabbata, tafiya ta kama, a ɗauki hoton fasfo da biza da yarjejeniya a bar miki a gida. Ta haddace lambar wayarki da ka, ta rubuta lambar ofishin jakadancin Nijeriya da ke Riyad da ƙaramin ofishin da ke Jidda a 'yar takarda ta ɓoye cikin kayanta. Ku kuma tsai da rana guda a mako da za ta kira, da sharaɗin in mako biyu suka wuce shiru, za a koma wa kamfanin da ya kai ta da takardun nan a hannu.