Kamara a Cikin Mota, Iyaye a Gaban Allo

A shekarar 2013 tashar BBC Three ta Birtaniya ta fara nuna wani shiri mai suna Barely Legal Drivers. Akan dasa kamarori a mota, a miƙa makulli ga saurayi ko budurwar da ba su daɗe da samun lasisi ba. Iyayensu kuma su zauna su kalli yadda tuƙin ya kasance, tare da wata tsohuwar 'yar sandan hanya da ke yanke hukunci: a saka wa yaron da mota, ko a mayar da shi wurin koyon tuƙi.

Abin da iyayen suka gani ya ɗaga musu hankali. Yaron da ke tuƙi a natse idan mahaifiyarsa na gefe, da zarar abokai sun cika motar sai ya rikiɗe: kiɗa ya ƙure, ƙafa ta danne totur, ido ya koma kan waya.

Wannan duban wayar shi ne ya fi tsaya mini a rai. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a daƙiƙa ɗaya. Wanda ya sunkuya daƙiƙa uku don karanta saƙo ya shafe fiye da mita 80 bai ga hanya ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mai amfani da waya yana tuƙi ya fi wanda ba ya yi haɗarin yin karo da kusan ninki huɗu, kuma haɗarin hanya ne ya fi komai kashe masu shekara 5 zuwa 29. Shi ya sa a Birtaniya, tun 2017, sabon direban da aka kama da waya a hannu cikin shekara biyun farko yakan rasa lasisinsa.

Sai dai ina da ƙorafi a kan irin waɗannan shirye-shirye. Talabijin na neman 'yan kallo, ɗan kallo kuwa ganganci ne ke riƙe shi. Ana ɗora wa saɓa doka kiɗa mai daɗi, a yi dariya, kowa ya koma gida lafiya. Matashin da ke kallo sai ya ɗauka haka abin ke ƙarewa kullum. Ba a kai shi ɗakin masu karaya ba, bai ga gidan makoki ba.

Mu ma muna da namu, ko da babu tashar da ta shirya shi. Wasan mota a wurin biki ko ranar kammala makaranta, taya na hayaƙi, yara na zagaye da wayoyi suna ɗauka don TikTok. Direban ya san ana ɗaukarsa, kuma don masu ɗaukar yake ƙara wuta. Idan motar ta ƙwace masa, waɗanda ke tsaye a bakin fili riƙe da waya su ne farkon waɗanda take hawa.