Gizo-gizon da Turawa Ke Kiwo a Ɗaki

'Yan'uwa manoma, a wani taron ƙungiya da muka yi bayan sujada, wani dattijo ya tambaye ni ko gaskiya ne a Turai akwai masu kiwon gizo-gizo kamar yadda mu ke kiwon kaji. Kowa ya fashe da dariya. To, gaskiya ne, kuma zancen ya shafi gonakinmu.

Wannan gizo-gizo babba ne mai gashi, ana ce da shi tarantula, daga sunan garin Taranto na ƙasar Italiya. A Amurka da Ingila da Jamus akan sa shi cikin akwatin gilashi, a zuba ƙasa, a ajiye ɓawon itace inda zai ɓuya, da ɗan murfin kwalba mai ruwa. Ɗaya tak a ke sawa a akwati, gama in an haɗa biyu ɗaya zai cinye ɗaya. Tamata takan yi shekara 20 ko fiye, namiji ba ya kai haka. Akwai na ƙasar Meksiko mai jan gwiwa wanda aka yi ta kamawa don sayarwa, har a 1985 aka sa doka a kan cinikinsa tsakanin ƙasashe.

Abincinsa ƙwari ne masu rai: gyare, kyankyaso da fara. Babba ana ba shi ƙwaro ɗaya ko biyu a mako, kuma ƙwaron kada ya fi cikin gizo-gizon girma. Ba ya tauna. Yakan soki ƙwaron da fiƙoƙinsa, ya zuba masa wani ruwa mai narkar da nama, sa'an nan ya tsotse. Abin da bai ci ba, kashegari a ke cirewa. Wani lokaci yakan ƙi abinci wata da watanni, kuma lafiyarsa ƙalau.

Yakan yi saɓa kamar maciji. In lokaci ya yi sai ya kwanta rigingine, ƙafafu sama, har wanda bai sani ba ya ce ya mutu. A lokacin nan jikinsa laushi gare shi, gyare guda ma yana iya yi masa rauni. Saboda haka ba a taɓa shi, ba a kuma ba shi abinci sai bayan mako ɗaya ko biyu, in fiƙoƙin sun yi ƙwari.

Masu kiwon da suka san abin da su ke yi ba su cika ɗaukarsa a hannu ba. Ba ya sabawa da mutum kamar kare, kuma in ya faɗo ko daga kan tebur ne cikinsa na iya fashewa ya mutu. In za a matsar da shi, sai a kora shi a hankali da buroshi mai laushi zuwa cikin kofi, a rufe. Na ƙasashen Amurka sukan karkaɗo gashin cikinsu mai sa ƙaiƙayi, wanda ke da haɗari ga ido. Na Afirka ba su da wannan gashi, amma sun fi sauri, cizonsu kuma ya fi zafi.

Waɗansu da a ke kiwo a Turai asalinsu daga Togo da Gana da Kamaru ne, masu zama a kogon itace, ko kan itacen kwakwa, ko cikin rami. Don haka mai sassabe da mai hawan kwakwa kada su cusa hannu inda ido bai gani ba. Wanda ya gamu da cizo ya wanke wurin da ruwa da sabulu, kada a tsaga. In jijiyoyi suka fara ɗaurewa, ko kuwa yaro ne, a tafi asibiti.

Abu ɗaya ya fi tsaya mini a rai. Masu kiwon nan ba sa ba shi ƙwaron da aka kamo a gonar da aka yi wa feshi, domin maganin yakan kashe shi. Haka yawancin magungunan ƙwari ke yi wa ƙananan gizo-gizo da ke cikin wakenmu da audugarmu, waɗanda ke cin ƙwarin da ke ɓata amfani ba tare da an biya su ko kwabo ba. Kafin ƙungiyarku ta sayi magani a bana, ku zaga gonar da sassafe, ku juya ganye ku duba ko ɓarnar ta kai a yi feshi. In ta kai, ku bi awon da aka rubuta a jikin gwangwani, kada ku ƙara, ku kuma bar ciyawar bakin iyaka ba feshi.